Katunan Malam Kefas

Shekara talatin da ɗaya na yi ina faɗa da Malam Kefas, saboda haka in ana neman wanda zai ba da labarinsa ba ƙarin gishiri, ni ce. Sunana Scholastica, tsohuwar malamar firamare, kuma sakatariyar ƙungiyar manomanmu ta Samaru tun ranar da muka kafa ta a gindin mangwaron bayan coci. Shi kuwa makullin sito ne a hannunsa. Ni nake rubuta abin da aka faɗa a taro, shi kuma ya zo washegari ya nuna mini inda na yi kuskure.

Daga wani ƙauye kusa da Zonkwa ya zo Zariya yana saurayi, da akwatin kwano da takardar gama firamare. Ya sami aiki a Sabon Gari wajen Oga Celestine, wani Ibo mai sayar da kayan injin niƙa a Muchia. Oga yakan tafi Anacha, can ƙasarsu, sarin kaya ya yi sati uku, don haka kowace durowa a shagon da kati a jikinta: abin da ke ciki, injin da yake shiga, da injin da ba ya shiga komai kamar da suka yi. Kefas ya ce Oga yakan buga katin da yatsa ya ce, da Hausarsa ta kasuwa, "In ni ba ya nan, wannan shi ne bakina." Wannan maganar Kefas ya ɗauko daga Sabon Gari, ita da ɗabi'ar soke biro a bayan kunne.

Da muka kafa ƙungiya, muka haɗa hannu muka sayi abin da mutum ɗaya ba zai iya saya ba: injin ban ruwa biyu, injin sussukar masara, baro shida, tamfol, da famfon feshi huɗu irin wanda ake goyawa a baya. Ɗan ƙungiya ya zo ya ara, ya gama ya mayar. Kafin sati ya zagayo Kefas ya yayyanka kwalin sabulu ya ɗaura wa kowane abu kati da waya. Har yau na haddace na baro: "Na ɗaukar taki, ƙasa, da buhu biyu. Ba na kwaɓa siminti ba. Ba na kai mara lafiya asibiti ba." Kowane "ba" a katunansa da labarinsa. Na mara lafiyar nan, wani mutumin Hayin Dogo ne ya ɗauko surukarsa a baro, taya ta fice a gaban kasuwa, tsohuwa ta warke nan take ta bi shi da gudu.

Yana da hanyarsa ta gwada kati. In sabon mutum ya shigo ƙungiya, sai ya miƙa masa katin, ya haɗa hannuwansa a baya, ya rufe bakinsa ruf. In mutumin ya ɗauki abin da ya dace ya yi amfani da shi daidai, kati ya ci. In ya juyo ya yi tambaya ko da guda ɗaya ce, Kefas ba ya yi masa faɗa. Karɓar katin yake yi ya yaga, ya ce, "Ba kai ka faɗi ba, katin ne ya faɗi." Mutane har daga wasu ƙungiyoyi suna zuwa kwafar katunan nan, shi kuwa ya riƙa yin kamar abin bai dame shi ba, alhali kansa ya kusa taɓa rufin sito.

Kai, da kun ga ƙofar siton nan da farkon damina a wancan zamanin! Kafin rana ta fito kekuna sun yi layi har bakin titi. Matan sojoji daga Basawa masu 'yan gonakin bayan bariki, mutanen Bomo da fartanya a kafaɗa, malaman makaranta irina da muke sauri mu yi feshi kafin a buga ƙararrawa. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya haɗu da warin giris, mai koko ta kafa tukunyarta, Musulmi da Kirista ana gardamar ranar da ya kamata a yi shuka. A lokacin daga bayan coci har inda ido ya tsaya masara ce. Yanzu ɗakunan haya ne na ɗalibai, wajen da gonata take an kafa shagon wankin kai. Ina kewar waɗannan safiyoyin ƙwarai, har da faɗan da muke yi a cikinsu.

Shekaru suka ja. Matarsa ta rasu, gwiwoyinsa suka fara ba shi wahala, idonsa ya yi rauni har sai ya kai takarda bakin hanci. Jemimah, 'yarsa da ke aikin nas a Kafanchan, ta gyara masa ɗaki ta yi ta roƙo ya dawo kusa da ita. Kullum amsarsa ɗaya ce: sito ya bar wa wa? Mutane kuma sun daina layi, sun koma kiran waya. Rabin kiran ba ya ji, rabin da ya ji yakan manta bai rubuta ba. Bara mutum biyu suka zo ɗaukar injin ban ruwa ɗaya a rana ɗaya, sai da aka raba su.

A taron farkon shekara Remi ta miƙe. Bayarabiya ce haifaffiyar Sabon Gari, uwar 'ya'ya biyu, ta gaji gonar mahaifiyarta a Dogarawa ta gaji kujerarta a ƙungiya, kuma aikin kwamfuta take yi daga gida. Ta ce za ta haɗa mana irin na'urar nan mai ƙirƙirarriyar basira, wadda ake yi wa magana ta waya ta amsa kamar mutum. Manomi ya faɗi abin da yake so, ita ta duba, ta ajiye masa, ta turo masa lambar kayan, mai gadin coci ya buɗe sito ya ba shi abin da ke ɗauke da lambar.

"To ita da ba ta da hannu, da me za ta yi duk wannan?" in ji Kefas.

"Ita ma tana da nata kayan aikin, Baba," in ji Remi. "Ɗaya na duba ko abu yana nan, ɗaya na ajiye shi, ɗaya na soke ajiya, haka dai. Kowanne da bayanin da aka rubuta a kansa. Bayanin take karantawa ta zaɓi wanda za ta ɗauka. In bayani ya karkace, ita ma ta karkace."

Kefas ya cire biro daga bayan kunne. "Kati ke nan."

"Kati ke nan, Baba."

Kwamiti ya yanke shawara cewa Kefas da kansa zai yi alƙalanci. In na'ura ta ci gwajinsa kafin ruwan farko, ya miƙa makulli ya tafi Kafanchan. In ta faɗi, ya ƙara shekara. Ciyaman yana ganin girmamawa ce. Ni kuwa na ce a gaban kowa an ba kura ajiyar nama, domin wa zai sa hannu a takardar korar kansa? Kefas ya dube ni ta saman tabarau.

Muka zauna a ƙofar sito mu uku wata safiyar Talata. Remi ta bugo bayananta goma sha huɗu a takarda, ni nake karantawa da ƙarfi saboda idonsa, shi yana kasa su kashi uku a kan benci: ya yi, da saura, a yaga.

Na karanta na farko: "Wannan yana ajiye kaya."

"Ajiye wa wa? Har yaushe? In wani ya riga ya ajiye fa, sai ta yi yaya? A yaga."

Na karanta biyu a jere, ɗaya na duba kaya, ɗaya na nemo kaya.

"Tagwaye ne waɗannan, uwarsu ma ba za ta bambance su ba. Ko ki haɗe su, ko ki gaya mata yaushe za ta ɗauki wannan ta bar wancan."

Wani kuma ya yi tsawo, Remi ta cika shi da yabon abin, wai yana da sauri yana da kyau. Ya ce ba aurar da shi za a yi ba, a faɗi aikinsa kawai. Babban laifin da ya kama su da shi duka shi ne babu ko ɗaya da ya faɗi inda ba a amfani da shi. Cikin goma sha huɗu, biyu suka tsira.

"Baba, abeg, ka yi mini sassauci mana!" in ji Remi tana dariya. Daga baya ta gaya mini cewa aikin da take yi wa mutanen waje ke nan, auna irin waɗannan bayanai, kuma tambayoyin da suke ba ta su ne dai na Kefas, sai dai nasu da Turanci. Ta koma ta gyara, ta kawo, ya sake yaga rabi, ta sake gyarawa. A zama na uku ya ce sun yi. Bayanan kayan sito kuwa ba wanda ya ga dalilin taɓa su. Remi ta kwafe katunansa kalma da kalma ta zuba wa na'ura, tunda duk Samaru an san babu kamarsu.

Akwai kayan aiki ɗaya da Remi ta ƙara don tsaro. Bayaninsa gajere ne: in na'ura ta rasa yadda za ta yi, ta kira wayar Malam Kefas ta tambaye shi. Wannan ko gardama bai yi a kansa ba.

Ranar gwaji ya zo da saƙo arba'in da ya shirya, kowanne da irin maganar wani ɗan ƙungiya. Ashe mutumin nan ya iya kwaikwayo ban sani ba! Ya yi muryar matar soja mai haɗa Hausa da Turancin bariki, ya yi ta tsohon da sai ya gaida kowa da kowa kafin ya faɗi abin da ya kawo shi, ya yi tawa ma, da tsawa. Remi tana riƙe da waya yana magana a ciki, sannan ya haɗa hannu a baya mu jira amsa. Sau goma sha ɗaya na'ura ta rikice ta kira shi. Duk lokacin da wayarsa ta yi ƙara sai fuskarsa ta washe, ya gyara zama ya ɗauka da ƙasaita, ya ba ta amsa kamar malami da ɗalibi.

A saƙo na talatin da ɗaya ya yi muryar wata gwauruwa mai gonar wake: "Ƙwari sun sauka a wakena, a taimaka mini da famfo gobe." Na'ura ba ta kira kowa ba. Ta amsa cikin ladabi cewa an ajiye mata famfo mai lamba uku.

Muka dubi juna. Lamba uku shi ne mai jan tsumma a hannu. Tun shekarar farko muka ware shi don maganin kashe ciyawa, domin irin wannan maganin ko sau nawa aka wanke famfo sai an sami saura, kuma sauran nan ya isa ya ƙone gonar wake ƙurmus. Duk ɗan ƙungiya ya san jan tsumma, 'ya'yanmu ma sun sani. Amma mai gadin coci baƙo ne, ba manomi ba, lamba kawai zai duba ya miƙa.

"Ba ta da ido ne?" in ji Kefas da zafi.

"Ba ta da shi, Baba," in ji Remi a hankali. "Abin da aka rubuta kaɗai take gani."

Ya ce a kawo katin. Na ciro shi daga jikin famfon na karanta: lita goma sha shida, a wanke sau uku, kada a busa bakinsa da baki, kada a bar shi a rana. Na ciro na sauran ukun, iri ɗaya sak. Shekara talatin, kuma babu inda aka ambaci tsumma ko ciyawa.

"Amma ai ba wanda ya taɓa kuskure," in ji shi. "Sabbin mutane nawa na gwada da katin nan?"

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Na ce, "Malam, ka rufe baki, gaskiya ne, amma ba ka rufe maƙogwaro ba. Duk wanda ya miƙa hannu wajen lamba uku sai ka yi gyaran murya. Ni kaina ka yi mini. Ba katin ne yake cin gwaji ba, tarinka ne."

Wanzami ba ya son jarfa. Ya tashi ya shiga sito ya yi ta gyara tamfol ɗin da ba abin da ya same shi. Remi ta tattara takardunta ta ce bisa ƙa'ida na'ura ta faɗi, za ta gaya wa kwamiti haka, ta hau babur ta tafi.

Na bi shi ciki. Abin da na faɗa masa ban taɓa zaton zai fito daga bakina ba. Na ce ya bar maganar a haka. Ta faɗi, kowa ya gani, ba wanda zai zarge shi, ya ƙara shekararsa. Gaskiyar magana ba don wake na faɗa ba. Mutanen da muka kafa ƙungiyar nan da su saura mu biyu, kuma ba na son ya tafi. In ya tafi da wa zan yi faɗa?

Ya daɗe yana juya katin a hannunsa. Sannan ya ce, "Malama, ke kika ce an ba kura ajiyar nama."

"Wasa nake yi."

"Ba wasa kike ba. Kuma ba ita ta faɗi ba." Ya yaga katin gida biyu, ya ce in zo gobe da littafi da biro.

Sati uku muka yi, kullum da safe, yana faɗa ina rubutawa. Duk abin da ya ɓoye a maƙogwaronsa shekara talatin sai da ya fito da shi. Lamba uku na maganin ciyawa ne kaɗai, kada a ba mai wake, mai tumatir ko mai barkono, kuma in mutum bai faɗi abin da zai fesa ba a tambaye shi kafin a ajiye masa. Ƙaramin injin ban ruwa ba ya jan ruwa daga rijiya mai zurfi. Injin sussuka ba ya son masarar da ba ta bushe ba, kuma mutum ɗaya ba ya ɗaga shi. Kowace doka in ya faɗa sai sunan wanda ya jawo ta ya biyo baya, kuma yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya. Mu yi dariya, mu yi shiru, mu ci gaba. Ya sa Remi ta kawo tambayoyi goma sha ɗayan da na'ura ta kira shi a kansu, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana toshe ramin da kowacce ta fito. Nakan ce masa ya bar ko guda biyu mana, don a riƙa tunawa da shi. Sai ya ce in rubuta abin da aka ce in rubuta.

Ranar gwaji na biyu hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Ya zo da sababbin saƙonni arba'in, waɗanda suka fi na farko wuya, har da na mutumin da ya ce a ba shi famfo kawai bai faɗi komai ba. Na'ura ta tambaye shi me zai fesa. Gwauruwa mai wake ta sami lamba ɗaya. Kefas ya ajiye wayarsa a kan gwiwa, yana yin saƙo yana satar kallonta. Goma suka wuce, ashirin suka wuce. A na talatin ya ɗaga ta ya kai bakin hanci ya duba, ya mayar. Aka kai arba'in ba kuskure ko ɗaya, wayar kuma ba ta yi ko motsi ba.

Remi ta buɗe baki za ta yi murna, na harare ta, ta haɗiye.

"Malama," in ji shi, "kira ni mu gani. Wataƙila ba sabis, ko cajin ne ya ƙare."

Ina zaune kusa da shi har kafaɗarmu na taɓa juna, na danna lambarsa. Wayar ta ɗauki ƙara da ƙarfi, irin ƙarar da Jemimah ta sa masa don kunnensa. Ya zuba mata ido har ta gaji ta katse.

"Lafiyarta ƙalau," in ji shi. "Rubuta wa kwamiti. Ta ci."

Na rubuta, kuma ranar bai duba ko na yi kuskure ba. Kafin mu tashi ya sa Remi ta cire lambarsa daga bayanin nan na tsaro ta sa tawa.

Yau wata biyar ke nan yana Kafanchan. Sito yana tafiya daidai, ba a ƙone gonar kowa ba, na'ura ta kira ni sau biyu kacal. Ni kuwa duk sati nakan kira shi in ce, Malam, an sami matsala, ƙaramin injin nan zai ja ruwa daga rijiyar wane? Na san amsar, da hannuna na rubuta ta. Shi ma ya san na sani. Sai in ji ya gyara zama, ya ce, "Kai, Malama, har yanzu ba ki koya ba?" Sannan ya yi mini bayani tun daga farko, ni kuma in yi shiru in saurara har ya gama.